Mu Daina Haƙa Rijiyar Burtsatse Da Ka

 

In aka ɗauke ginin masallaci, da wuya a sami aikin alherin da mu mazauna kudu muke tara wa kuɗi kamar rijiyar burtsatse. Daga Agege da Mile 12 zuwa Sabon Ibadan, daga Fatakwal zuwa kasuwar shanu ta Lokpanta, 'yan gari ɗaya sukan haɗu su yi karo-karo a aika gida don a samar wa ƙauye ruwa. Wani lokaci kuma mutum ɗaya ne Allah ya hore wa, sai ya ɗauki nauyin aikin shi kaɗai don ladan ya isa ga mahaifansa da suka riga mu gidan gaskiya. Babu mai tantama a kan kyawun wannan niyya. Maganarmu ta yau a kan abin da ke tsakanin niyya da fitowar ruwa ce: wa yake nuna wurin da injin zai kafa baki, kuma da me ya dogara?

Kowa ya san yadda aka saba. A zauna a ƙofar gidan mai gari, a ce a haƙa a gefen masallacin Juma'a, ko a bakin kasuwa, ko a filin da wani bawan Allah ya bayar kyauta, ko dab da gidan wanda ya fi kowa zuba kuɗi. Ɗan kwangila ya zo da motarsa, a nuna masa da yatsa, ya kafa. In an taki sa'a ruwa ya ɓullo, a yi kabbara. In ba a taka ba, injin ya wuni yana niƙa dutse, farar ƙura tana tashi, har mai ya ƙare a naɗe kaya a ce babu rabo. Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo, wato rijiyar da ke ba da ruwa a watan Oktoba lokacin da ƙasa ke jiƙe da damina. A ɗauki hoto a sa a Facebook, a yi ta sa albarka. Maris na shigowa fanfo ya fara tari, kafin Afrilu ya fita ya ɗauke ɗif. Mata da yara su koma rafin da suka baro, tankin da aka ɗora a sama ya zama wurin hutawar tantabaru.

Ku tuna da masu kuɗin nan. Mai shayi ne, da ɗan dako, da mai gyaran takalmi, da mai gadin da ke kwana a zaune, da ɗan acaba. Ɗari biyar-biyar da dubu ɗai-ɗai suka haɗa. Kuma tare da kuɗin amana ma nutsewa take yi a ramin. Gobe in aka sake zagayowa da littafin karo-karo mutane za su noƙe, a fara ƙus-ƙus cewa ma'aji ya ci, alhali mai yiwuwa bai taɓa ko kwabo ba, wurin ne ba shi da ruwa tun asali.

Ra'ayinmu shi ne kada wata ƙungiya tamu ta sake sakin kuɗin haƙa sai an yi abu biyu: an duba taswirar yankin da aka haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, sannan ƙwararre ya taka wurin ya yi awon ƙasa. Taswirar tana rage faɗin wurin nema, awon yana nuna inda za a kafa. Kowane ɗaya shi kaɗai gurgu ne.

Don a gane dalili sai mun faɗi yadda ruwa yake zama a ƙarƙashin ƙasa. Da yawanmu muna ɗaukar cewa akwai wani kogi ko tafki a can ƙasa, duk wanda ya yi zurfi zai tarar da shi. Ruwan ƙasa ba haka yake ba. Ruwan sama ne da ya tsatsa ya cika 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, kamar yadda soso yake riƙe ruwa, ko kuma ya shige cikin tsagogin dutse. To Najeriya kusan kashi biyu ce a wannan fuska. Akwai ƙasar da ƙarƙashinta shimfiɗar yashi da laka ce hawa-hawa, kamar yankin Sakkwato da Kebbi, da kwarin Tafkin Chadi wanda ya haɗa Borno da Yobe da babban ɓangaren Jigawa, da kwarin Binuwai, da Neja Delta, da Legas. A irin wannan ƙasa shimfiɗar da ke ɗauke da ruwa tana da faɗi, in ka matsa taku ɗari abin ba ya sauyawa sosai, babbar tambaya ita ce zurfi nawa za a yi. A Borno ma an haƙa rijiyoyin da ruwa ke tunkuɗo kansa ba tare da fanfo ba tun wajen shekarun 1950 da 1960, ko da yake ƙarfinsu ya ragu ainun, kuma barin da aka yi wa da yawa suna kwarara dare da rana yana cikin dalilan.

Ɗaya kashin, wanda ya kai kusan rabin ƙasar nan, shi ne inda ƙarƙashinsa tsohon dutse ne mai tauri: Kano ta kudu, Zariya, Kaduna, mafi yawan Katsina, Gusau, Bauchi, Jos, Minna, Abuja, har zuwa Ibadan da Osogbo da Akure. Shi wannan dutse in lafiyayye ne ba ya riƙe ruwa ko cokali ɗaya. Ruwa yana zama ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, in yana da kauri, da kuma cikin tsagogin da suka keta shi. Wannan ne sirrin abin da ke ba mutane mamaki, ka ga rijiya a gidan Malam tana ambaliya, maƙwabcinsa da ke bayan katanga ya haƙa fiye da zurfinta ya tashi a tutar babu. Ɗaya ta faɗa a kan tsaga, ɗaya ta kuskure ta da 'yan taku. A irin wannan ƙasa ƙara zurfi ba ya maganin kuskuren wuri, sai dai ya ƙara kuɗin mita. Kuma yawancin garuruwan da muke aika wa kuɗi a nan suke.

Yanzu ina tauraron ɗan Adam ya shigo? Mu faɗi gaskiya tun da wuri, domin akwai masu tallar da ke zuzutawa: tauraro ba ya ganin ruwan da ke mita arba'in ko hamsin a ƙarƙashin ƙasa. Ko rada, wadda ke iya ratsa gajimare, abin da take iya kutsawa cikin busasshen rairayi 'yan mitoci ne kaɗan, kamar yadda aka gani a 1981 lokacin da radar wani kumbon Amurka ta tono hanyoyin tsofaffin koguna da rairayi ya binne a hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan. Abin da tauraro yake gani alamu ne a doron ƙasa, kuma alamun nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Tsofaffin mahaƙa rijiya na ƙauyukanmu da su suke aiki. Sukan duba inda ɓaure da giginya da goruba suka yi yawa, inda ciyawa ke jinkirin bushewa bayan kaka, inda suri ya jeru, inda ƙasa ta ɗan yi kwari. Bambancin shi ne tsoho yana ganin abin da ƙafarsa ta kai, tauraro kuwa yana ganin ƙaramar hukuma guda a hoto ɗaya, kuma yana da hotunan shekaru masu yawa a ajiye.

Ga yadda masana suke yin aikin. Suna tara bayanai falle-falle a kwamfuta, kowane falle taswirar abu ɗaya ne, sai a ɗora wannan a kan wancan. Falle na farko irin dutsen da ke ƙarƙashi, wanda ake samu daga taswirorin hukumar binciken albarkatun ƙasa. Wanda ya fi muhimmanci a ƙasar dutse shi ne fallen tsagogi. Tsagar da ke cikin dutse takan bar zane a sama, sai dai wanda ke tsaye a kanta ba ya lura. Daga sama ake ganin rafi ya miƙe samɓal na tsawon kilomita sannan ya karya kwana farat ɗaya, ko wani siririn kwari da ya ratsa tsauni, ko layin bishiyoyi da babu wanda ya shuka su a jere. Inda irin waɗannan layuka suka yi yawa, musamman inda biyu suka gitta juna, nan ake sa rai. Sai fallen tudu da gangara, domin ruwan sama ba ya tsayawa a gangara mai tsanani, gudu yake yi, a shimfiɗaɗɗen wuri ne yake samun sukunin nutsewa. Akwai wani falle da sakamakonsa ke saɓa wa tunanin mutum, wato yawan ƙoramu. Za a ɗauka inda ƙananan ƙoramu suka yi rassa bila adadin nan ne ruwan ƙasa ya fi yawa, alhali sau da yawa alama ce ta cewa ƙasar ba ta shan ruwa, shi ya sa yake bin kanta yana tsagawa. Ana ƙara yawan ruwan sama, da irin turɓayar wurin, da hoton da aka ɗauka a tsakiyar rani, wanda ke nuna inda kore ya rage bayan ko'ina ya ƙone. A ba kowane falle maki gwargwadon muhimmancinsa, kwamfuta ta haɗa lissafi, ta fitar da taswira mai launi-launi: nan akwai kyakkyawan zato, nan tsaka-tsaki, nan kuwa kada a ɓata kuɗi.

Abin da ya kamata ya faranta mana rai shi ne kayan aikin nan yawancinsu kyauta ne. Tun 1972 Amurka ke harba taurarin Landsat, kuma daga 2008 ta buɗe rumbun hotunansu ga kowa. Tarayyar Turai tana da Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ɗaukar hoton wuri kusan duk bayan kwana biyar, kuma shi ma ba a biya. Taswirar tudu da kwari ta kusan duk duniya, wadda kumbon Endeavour ya auna da rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, tana intanet. Manhajar QGIS da ake haɗa fallayen da ita ba a sayen ta. Ita kanta Najeriya ba a bar ta a baya ba: ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma tana da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos. Ilimin yana nan, hotunan suna nan. Tsakanin su da zauren mai gari ne gadar ta karye.

Sai dai kada murna ta ɗebe mu. Wannan taswira zato ce mai hujja, kuma zato yakan yi kuskure. Makin da ake ba kowane falle mutum ne yake yankewa. Masani biyu za su iya ɗaukar hotuna iri ɗaya su fitar da taswira biyu mabambanta saboda ɗaya ya fifita tsagogi, ɗaya ya fifita gangara. Layin da aka gani daga sama aka ɗauka tsaga ce yana iya zama burtali, ko tsohuwar hanyar mota, ko layin turakun lantarki. Ɗigo ɗaya a hoton Landsat fili ne mai mita 30 a kowane gefe, na Sentinel-2 mita 10, alhali tsagar da ake nema wataƙila faɗinta bai kai tafin hannu ba. Akwai ma taurarin GRACE, da aka fara harbawa a 2002, waɗanda ke auna ƙaruwa da raguwar ruwan ƙasa ta hanyar sauyin nauyin ƙasar, amma ma'auninsu ɗaruruwan kilomita ne. Suna da amfani ga mai tsara manufar ƙasa, ba su da abin da za su gaya wa mai neman wurin rijiya a bayan makarantar firamare.

Darasi mafi girma a kan wannan ya zo daga Kenya. A watan Satumban 2013 gwamnatin ƙasar da hukumar UNESCO suka sanar da cewa wani kamfanin Faransa, ta amfani da hotunan tauraro da rada da bayanan ƙarƙashin ƙasa, ya gano makeken ruwa a yankin Turkana, ɗaya daga cikin wurare mafi fari da talauci a ƙasar. Duniya ta ɗauka, aka ce ƙishirwa ta ƙare. Aka haƙa, ruwa kuwa ya fito. Amma zuwa 2015 gwajin da aka yi wa ruwan Lotikipi, wanda shi ne mafi girma a cikin abin da aka gano, ya nuna gishirinsa ya yi yawan da ba za a sha ba sai an tace, tacewar kuma kuɗi ne mai yawa. Taswirar ta yi gaskiya a kan akwai ruwa. Ɗanɗanonsa ne ba ta da hanyar sani. Duk wanda ya zo muku da hoto a waya ya ce tauraro ya tabbatar, ku biya kawai, ku tuna masa da Turkana.

Shi ya sa mataki na biyu ba ya tsallakuwa. Bayan taswira ta ware wurare uku ko huɗu a cikin gari, sai masanin ƙasa ya zo da na'urar awon lantarki. Wasunmu sun taɓa ganin aikin: ana kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi, na gefe biyu su tura wuta cikin ƙasa daga batir, na tsakiya biyu su auna yadda ta ratsa, a riƙa ƙara tazara tsakanin sandunan don awon ya ƙara zurfi. Ruɓaɓɓen dutse mai jiƙe da ruwa yana barin wuta ta wuce, lafiyayyen dutse yana tare ta. Daga nan ake gane kaurin ruɓaɓɓen da zurfin da za a tarar da mai tauri. Nan ma sai da gwani, domin yumɓu shi ma yana barin wuta ta wuce, amma rowar ruwa gare shi, yana riƙewa ba ya saki. Wanda bai ƙware ba zai ga alƙaluma masu kyau ya kai ku kan yumɓu.

A nan ne kuma ha'inci ya fi yawa. An sha ganin mai awo ya zo ya zagaya na minti goma, ya nuna daidai wurin da ya lura mai kuɗin yana so, ya kawo takardar da sunan wani gari ne aka goge aka rubuta naku. Maganin wannan shi ne mai awo ya zama daban da mai haƙa, ƙungiya ce za ta ɗauke shi ta biya shi, kuma ya zama yana da rajista da COMEG, majalisar da ke yi wa masana ƙasa da injiniyoyin ma'adinai rajista a ƙasar nan. Ya sa hannu a rahoton da ya ƙunshi alƙaluman awon da lambar wurin. Mai haƙa da ake biya a kan kowace mita ba shi da asara in rijiya ta fito busasshiya, don haka bai kamata a bar masa alƙalancin wuri ba. Kuma kada a biya cikon kuɗin kwangila ranar da ruwa ya fara feshi. A sa fanfo ya yi awanni yana ja, a auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, in da hali a rani, sannan a kai samfurinsa ɗakin gwaji.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, kuɗi: da ƙyar muka haɗa na haƙa, ina na taswira da awo? Amsar ita ce kuɗin awo galibi ba ya kai ushirin kuɗin aikin gaba ɗaya, taswira kuma in aka yi ta sau ɗaya ga ƙaramar hukuma za ta yi wa kowane ƙauye a cikinta amfani shekara da shekaru. Ƙungiyoyin garuruwa biyar da ke maƙwabtaka da juna a gida, waɗanda a nan Legas ma wataƙila unguwa ɗaya suke zaune, za su iya haɗa hannu a kan taswira guda. Na biyu, wai ruwa rabo ne. Haka ne, komai rabo ne, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma kuɗin nan amanar jama'a ce, wanda aka danƙa wa amana ba shi da ikon yin caca da ita.

Magana ta uku ce mai nauyi, kuma ba za mu yi mata rufa-rufa ba. Wani lokaci taswira da awo za su nuna cewa ruwan yana can bakin fadama, nesa da gidaje, a gonar mutumin da bai yi niyyar bayarwa ba. Mata da yara ne za su yi tafiyar, ga matsalar tsaro a wurare da yawa, ga ɓarayin faifan sola. Wannan gaskiya ne, kuma babu hoton tauraron da zai warware shi. Amma rijiyar da ke da ruwa a nesa ana iya ja mata bututu zuwa tanki a tsakiyar gari, a ɗauki mai gadi, a zauna da mai gona a daidaita. Wadda ke ƙofar masallaci babu ruwa a cikinta babu dabarar da za a yi mata. In kuɗin bana bai isa bututu ba, a haƙa bana a ja baɗi. Mai bayarwa kuma da ke son a riƙa ganin allon sunansa, sai a kafa allon a jikin tanki, tunda nan ne jama'a za su taru.

Duk wannan ba maganar gida kaɗai ba ce. Unguwanninmu na nan kudu ma muna haƙa wa masallatai da kasuwanni da makarantun Islamiyya. Sabon Ibadan a kan irin dutsen Zariya yake zaune, duk abin da muka faɗa game da tsagogi ya hau kansa. Birnin Enugu kuwa yana kan wani irin dutsen laka ne mai rowar ruwa, shi ya sa tankoki ke jigila daga wajen Ninth Mile, inda ƙasar yashi ce mai ruwa duk da cewa sai an yi zurfi. Wanda bai san wannan ba zai zuba miliyoyi a cikin gari a banza. A Legas da Fatakwal samun ruwa ba wuya, tsabtarsa ce abin ji. Kusa da teku gishiri yana kutsowa, a wurare da yawa ruwan yana fitowa da ƙarfe har ya jajanta bokiti, ga masai da ramukan ƙazanta a manne da juna saboda cunkoso. Kara da mayanka, inda mutanenmu suka fi yawa, su ne wuraren da jini da kashin dabbobi ke tsatsawa ƙasa kullum. A nan hoton sama yana da wani amfani na daban, domin yana nuna juji da magudana da inda gangara ke kai ƙazantar, har ma da tsohon jujin da aka cike aka yi gini a kansa, in aka duba hotunan shekarun baya. A ƙasar Ogoni, rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale har ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. A arewa ma akwai nata: wanda ya san Langtang a Filato ko Kaltungo a Gombe ya san yadda yawan sinadarin fulorayid a ruwan ƙasa yake rina haƙoran yara. Ruwa garai-garai a ido ba shaida ba ne.

To wa zai yi mana taswirar? 'Ya'yanmu. Kowace shekara jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos da Minna suna yaye ɗaliban ilimin ƙasa da na taswira, kuma irin wannan aiki yana cikin abin da suke rubuta kundin kammala karatu a kansa. Kundin yana can a kan kanta yana shan ƙura, mai shi kuma wataƙila yana nan cikinmu yana sayar da katin waya. A neme su a cikin membobinmu da 'ya'yan membobinmu, a biya su haƙƙinsu, a haɗa su da wani malaminsu ya duba aikin. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, da hukumomin samar da ruwa a karkara na jihohi da ake kira RUWASSA, waɗanda kwamitocinmu za su iya rubuta wa takarda su nemi bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa a yankin. A watan Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli. In da gaske ake, ɗaya daga cikin abubuwa mafi araha da za a yi shi ne a tilasta wa kowane mai haƙa ya miƙa bayanin kowace rijiya, mai ruwa da busasshiya, a ajiye inda kowa zai iya dubawa.

Wannan batu na bayanan tsofaffin rijiyoyi shi ne wanda mu da kanmu za mu iya farawa a kai ba tare da jiran kowa ba. Taswira ba ta zama abin dogaro sai an gwada ta da rijiyoyin da ke ƙasa: shin waɗanda ke ba da ruwa sun faɗa a inda ta ce akwai, busassun kuma a inda ta ce babu? Busasshiyar rijiya ita ce aka fi ɓoyewa saboda kunya, alhali bayaninta yana da daraja kamar na mai ruwa, domin ita ce za ta hana na gaba ya haƙa a gefenta.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar gari da ke bibiyar wannan shafi ta wakilta matashi ɗaya a gida mai wayar zamani. Ya je kan kowace rijiyar burtsatse da ke garin, ta gwamnati da ta 'yan siyasa da tamu, mai aiki da matacciya, ya tsaya a kanta ya ɗauki lambar wurin da taswirar wayarsa. Ya tambayi dattawa shekarar da aka haƙa ta, da zurfinta in an sani, da watan da take ɗaukewa in tana ɗaukewa, da ko ruwanta yana da ɗanɗano ko launi. Ya haɗa har da tsofaffin rijiyoyin hannu da ba su taɓa ƙafewa ba. A turo wa sakataren ƙungiya kafin taron wata mai zuwa, mu kuma za mu tattara mu miƙa wa yaranmu masu ilimin taswira su fara da ƙaramar hukumar da bayananta suka fara cika.